Itacen Makarantar Bututu

Kwanan baya ɗan ƙanwata ya zo gaishe ni tare da abokansa biyu, duk sun gama karatu suna jiran aiki. Na tambaye su abin da suke yi yanzu, sai ɗayansu ya ce zai ɗan taɓa koyarwa a firamare kafin Allah ya kawo aiki na gaske. Ya faɗe shi kamar mai cewa bari ya ɗan kishingiɗa kafin tuwo ya nuna. Ban yi masa gardama ba, don ni ma da wannan niyyar na shiga, kuma shekara talatin da biyar na yi ina jiran aikin na gasken bai zo ba. Sun ce abin ba wuya, alli ne kawai da baki. To, ga labarin makarantar da na koyi aikin a cikinta, da yadda na kusa rufe ta da hannuna, ba don mugunta ba, don ilimi ya yi mini yawa.

Ƙauyen yana cikin duwatsu, can gefen hanyar Godogodo. In ka taso daga Kafanchan mota za ta sauke ka a mararraba, daga nan sai ƙafa, tafiyar awa guda, ka haye rafi, ka hau tudu. Yana da sunansa a yarenmu, amma ko direbobi Ungwan Bututu suke ce masa, kuma makarantar ce ta jawo masa sunan. Wani Fada ne, limamin cocin Katolika ɗan ƙasar Ailan, ya gina ta tun kafin a haife ni, mutane suna kiransa Fada Mai Keke. Ɗaki biyu ne na dutse. Bai zo da takardar zane ba, daga kansa ya fitar da ginin, kuma abin da ke kansa shi ne makarantar ƙauyensu da ya yi yana yaro. Saboda haka ya sa aka yi murhu a cikin bangon da ya raba ɗakunan, aka ja masa bututun hayaƙi har ya fita ta saman rufi. Magina suka ce masa nan ba a yin irin sanyin ƙasarsu. Ya ce ya ji, amma shi bai san yadda ake gina makaranta babu murhu ba. Suka gina masa.

Da aka gama sai ya kafa doka. Wai a ƙauyensu kowane yaro yakan zo makaranta da curin wata busasshiyar ƙasa mai cin wuta. Ni dai ban taɓa ganin ƙasa ta ci wuta ba, amma ba ni zan ƙaryata Fada ba. Tunda mu ba mu da irin ƙasar, ya ce kowane yaro ya zo da itace ɗaya kowace safiya. Shi ne kuɗin makaranta, ba a karɓar komai bayan shi. Ana kunna wutar duk ranar da akwai karatu, ko ana sanyi ko ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa. Abin da ya ragu malamai su yi girki, a kuma dama wa ƙananan yara kunu. Fada ya tsufa ya koma ƙasarsu, gwamnati ta karɓi makarantun mishan, aka sauke gicciyen da ke bango, aka canza allon suna. Bututun dai ba mai iya sauke shi sai ya rushe makarantar, don haka aka bar shi, itacen ma aka bar shi.

A shekarar tamanin da bakwai aka turo ni, da sabon satifiket na kwalejin horon malamai da takalmi mai ƙara. Hedimasta shi ne Baba Yohanna, yana cikin yaran farko da Fada ya koyar, kuma duk rayuwarsa bai koyar a wani wuri ba. Mu biyu ne malaman, aji shida. Aikin farko da ya ba ni shi ne baƙanta allo. Ya sa na daka gawayi a turmi, na fasa matattun batura na zuba hodar da ke ciki, na haɗa da ɗanyen ganye, na goga wa allon sau uku, kowane karo sai na jira ya bushe. In ka yi gaggawa ka rubuta a kan danshi alli ya ƙi kamawa, in ka cika gawayi rigarka ta kwashe rabinsa. Farar riga na sa ranar don in burge yara. Baba ya dube ta da yamma, ya ce yanzu an san na fara aiki.

Koyar da aji uku a ɗaki ɗaya ma ba a koya mana shi a kwaleji ba. Ka juya 'yan aji huɗu su fuskanci allo, 'yan aji biyar su fuskanci taga da lissafin da ka rubuta musu a kwali, 'yan aji shida su ba kowa baya suna karatu a zuci. Bayan kwata sai ka zagaya. Bakinka yana wajen waɗannan, kunnenka yana wajen waɗancan, kuma dole ka san bambancin shirun yaro mai aiki da shirun yaro mai cin gyaɗa. Alli kwali ɗaya ake ba mu a zango, in an bayar. Guntun da ya gagari yatsa Baba ba ya yarda a yar da shi, sai a tsaga bakin tsinken gora a maƙala shi a ci gaba. Ƙararrawarmu kuwa tsohon ƙarfen tayar mota ne da aka rataya a jikin mangwaro.

Amma babban aikin, wanda na daɗe ban gane aiki ba ne, shi ne tsayuwar bakin ƙofa. Kowace safiya Baba zai tsaya da rajista a hammata, yara su zo a layi, kowa ya ajiye itacensa a gefen dama, ya gaishe shi, ya shige. Ba ya kiran suna. Ba ya ma kallon fuskar yaron sosai, itacen yake kallo. Ni a raina na ce tsohon nan kwaɗayin itace ne da shi, yana zaɓen wanda zai kai wa matarsa. Sai da na yi wata biyu ya fara yi mini bayani a hankali muna tsaye. Busasshen marke da aka sare da gatari daidai, gidan lafiya, uwa tana da tarin itace a bayan ɗaki. Ɗanyen reshe, yaron a hanya ya karyo shi, wato ba babban da ya sallame shi da safe. Kara ko totuwar masara, uwar ta kwana biyu ba ta iya zuwa daji ba. Wanda bakinsa ya ƙone daga murhu aka zaro shi, gidan ba su da wani, amma ba su yarda yaron ya zo hannu wofi ba. In kuwa ka ga ƙaton gungume wanda yaro ke nishi da shi, uban yana shirin zuwa roƙon a ba shi aron yaron na mako guda don aikin gona. A wannan na ƙarshen ban taɓa ganin Baba ya kuskure ba.

In yaro ba zai zo ba, saboda ciwo ko gona, sai a ba ɗan'uwansa ko ɗan maƙwabta itacensa ya kawo. Ma'anarsa a riƙe masa wurinsa. Baba ba ya rubuta cewa ya zo, ɗigo yake yi masa da fensir. Wanda kuwa babu shi babu itacensa har kwana biyu, ana tashi Baba zai ɗauki sandarsa ya nufi gidan.

Na tuna wata yarinya 'yar aji biyu, Ladi, da ta kawo ɗanyen reshe kwana uku a jere. Tana zuwa kan lokaci, tana yin aikinta, ni ban ga komai ba. A rana ta uku Baba ya ce in raka ta gida. Na tarar uwarta a kwance tun bayan haihuwa, uban ya tafi Kafanchan neman aikin lebura, yarinyar ce ke dafa wa ƙannenta. Baba ya gaya wa matan zumunta a coci, suka raba kwanaki a tsakaninsu. Mako biyu sai ga Ladi da busasshen marke. Baba ya nuna mini shi da haɓa.

Iyaye kuwa kowa da halinsa. Akwai Alhaji Garba mai sayen citta a mararraba, kakanninsa sun daɗe a kasuwar nan, 'ya'yansa uku suna wurinmu don ya ce makarantar Baba ta fi ta kusa da shi. Wata rana ya ga wahalar ta yi wa yaran yawa, ya aiko da itace cike da akori-kura har bakin rafi, wai na zango guda ne, a sauƙaƙa musu. Baba ya yi godiya ƙwarai, ya biya direban kuɗin komawa da kayan, ya aika masa cewa ɗaya ɗaya ake kawowa, a hannun yaro. Alhaji ya yi kwana biyu yana fushi, sannan ya sa aka jibge itacen a ƙofar shagonsa, yaran suna zarar ɗaya kowace safiya.

Shekara huɗu na yi a ƙarƙashinsa, sannan ya yi ritaya ya koma gidansa a saman tudu. Aka ba ni hedimasta, aka turo Malama Rifkatu ta riƙe ƙananan azuzuwa. A hutun nan na je wani kwas a Kafanchan, inda wani malami mai tabarau ya yi mana awa biyu a kan yadda malaman ƙauye ke bautar da yara, suna sa su kawo itace da tsintsiya da ƙwai. Ban ɗaga hannu na ce namu daban ne ba. Na sunkuyar da kai, kunya ta kama ni. Ranar da aka koma na tara yara a gindin mangwaro, na sanar cewa daga yau ba na son ganin itace a hannun kowa, makarantar gwamnati ce, littafi da fensir sun isa. Yara suka yi tafi, na ɗauka na yi abin kirki. Na samo kwanon rufi na toshe bakin murhun, na manna jadawalin darussa a kai. Da na haɗu da Baba ranar Lahadi bai yi mini faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi, wai wa ke ba ni labarin gidaje yanzu. Na ce ina da rajista. Ya ce to madalla.

Shekarar farko ban ga wata illa ba. Yaro yakan ɓace mako guda ko biyu, sai ya dawo in ji dalili, wani lokaci ma ba ya dawowa. Na ce haka ƙauye yake.

Sai muguwar shekarar ta zo. Albashi ya tsaya, malamai suka shiga yajin aiki. A buɗe mako biyu a rufe, a sake buɗewa a sake rufewa, har iyaye suka daina tambaya. A shekarar kuma citta ta yi daraja, kowane gida yana bukatar hannu, ga tono, ga tsagawa, ga shanya, kuma yatsun yara sun fi na manya sauri a wajen tsaga. Da aka janye yajin na ƙarshe, cikin watan Fabrairu, na buga ƙarfe na shiga aji na ƙirga yara goma sha huɗu, a makarantar da Baba ya bar mini da sama da sittin. Ba a yi mako ba takarda ta zo daga ofishin ilimi. Duk makarantar da yaranta ba su kai arba'in ba za a haɗe ta da ta kusa, kuma sufeto zai zo ƙirga namu nan da mako uku.

Ta kusa ita ce ta mararraba. A takarda abin ba laifi. A ƙasa kuwa tafiyar awa guda ce, da rafin da in ya kawo da damina babba ma sai ya jira. Ba uwar da za ta tura ɗan shekara shida ya haye shi, kuma ba zan ga laifinta ba. Haɗewar nan ma'anarta yaran tudu sun gama boko ke nan. Makarantar da ta rayu a hannun Fada da hannun Baba za ta mutu a nawa, shekara biyu da karɓa. Na ji tsoro, kuma na ji kunya fiye da tsoron.

Na yi duk abin da aka koya mini. Na buga ƙarfe har kafaɗata ta yi tsami. Na sa aka yi sanarwa a coci, na roƙi Alhaji Garba ya faɗa a masallacin mararraba. Na rubuta wa iyaye wasiƙu da kyakkyawan rubutu, sai da na gama na tuna masu karanta musu wasiƙar su ne yaran da ba sa zuwa. Na shiga bin gidaje, amma ban san gidan da ke da ciwo ba, ban san wanda ke da yunwa ba, ban san wanda ke jin haushi ba, duk magana ɗaya nake yi musu. Kowa ya ba ni ruwa ya ce to Malam, zai zo. Mako biyu suka wuce, yara suka zama goma sha tara. Malama Rifkatu ta kawo shawara mu aro ƙananan yara daga gidaje ranar ƙirga, kamar yadda wasu ke yi. Na ce sufeto ba yaro ba ne, zai sa kowa ya ɗora hannu ta saman kai ya kamo kunnensa, wanda bai kai ba a san bai isa makaranta ba, mu ƙara ƙarya a kan rashi.

Wadda ta gaya mini gaskiya wata gwauruwa ce a can ƙarshen tudu, Mama Saraya, mai 'ya'ya uku a rajistata. Na same ta a tsakar gida tana tsaga citta, yaran suna gefenta. Na yi mata jawabina. Ba ta ajiye wuƙar ba.

Ta ce, "Ticha, makaranta ya buɗe da gaske ne?"

Na ce ai an faɗa a coci.

Ta ce, "Wancan karo ma an faɗa a coci. Yara ya tafi, ya zauna, ya dawo. Ni kowane safe ina duba wajen bututu, ba hayaƙi. In akwai hayaƙi mun san ticha yana ciki. Kuma kai da bakinka ka ce ba ka son itacen mu. Mutum da ba ya son itace na, yana son yaro na?"

Na juya na duba inda ta nuna da wuƙar. Daga tsakar gidanta ana hango rufin makarantar da bututun sarai. Da na sauko na lura haka yake daga kusan kowane gida a tudun, har da gonaki. Ƙarar ƙarfena kuwa ko rabin hanya ba ta kaiwa. Shekara shida ina garin ban taɓa tsayawa na duba makarantar daga sama ba.

Daga nan gidan Baba na wuce. Yana zaune a inuwa yana saƙa kwando. Na tsuguna na ba shi labari tun daga farko, har da maganar malami mai tabarau. Na shirya ya wanke ni tas, don na ci a wanke ni. Ya bar ni na gama, ya ciji zaren kwandon, ya ce in je in cire kwanon. Na ce Baba, saura kwana shida. Ya ce to in cire shi da wuri.

Washegari da sassafe na ɓamɓare kwanon. Jemagu biyu suka fito, zanzaro suka bi ni har gindin mangwaro. Itace babu ko ɗaya a makarantar, ni na hana. Na tattara ƙafar wani karyayyen benci da damin bulalata, na jera a murhun. Ina neman ashana sai na ji takun sanda. Baba ne, ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, da itace ɗaya a hannu, busasshiyar kirya sararriya daidai. Ya ajiye ta a gefen dama na ƙofa, inda yara ke ajiyewa. Ya ce, "Ina kwana, Hedimasta." Ya juya ya tafi.

Na kunna. Hayaƙin bai hau ba, cikin aji ya dawo, don tsuntsaye sun cika bututun da sheƙa. Yara goma sha tara da Malama suka fita suna tari, ni na hau rufi da doguwar gora ina zungura. Wajen ƙarfe tara ya fita, baƙi ƙirin, a cikin zafin watan Maris. Ranar ba wanda ya ƙaru. Washegari aka sami huɗu, kowa da itacensa, ba wanda ya ce su kawo. Na tsaya a bakin ƙofa da rajista a hammata, ina ƙoƙarin tuna abin da aka koya mini. Rana ta uku yaran Mama Saraya biyu suka zo da itace uku. Kullum kuma kafin kowa, kiryar Baba tana nan.

Sufeton, Malam Haruna, mutumin Kafanchan ne, dattijo mai ƙarancin magana. Ya bar babur ɗinsa a bakin rafi ya hau da ƙafa, ya iso sharkaf da gumi, ya shiga aji ya tarar da wuta tana ci. Ya dube ta, ya dube ni, ya tambaye ni ko ina lafiya. Na ce lafiya lau. Ya sa yara suka fito layi, ya ƙirga sau biyu, ya sa 'yan aji ɗaya suka kamo kunne, duk suka kai. Talatin da huɗu. Ya ce saura shida, ya buɗe jakarsa.

Na ce ranka ya daɗe, akwai abin da nake so ka gani. Na kai shi gefen ƙofa, na ƙirga masa itacen safiyar a gabansa, arba'in da uku. Na ce ɗaya na tsohon hedimasta ne, takwas na yaran da ba su zo ba ne amma iyayensu sun ce a riƙe musu wuri, ga ɗigonsu a rajista, ban rubuta sun zo ba. Ya ce shi ba a aiko shi ƙirga itace ba. Na ce gaskiya ne. Ya tsaya yana kallon tarin, sannan ya sunkuya ya zaro wani mai ƙonannen baki.

Ya ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Na 'yar Mama Saraya ne, ƙyanda ta kwantar da ita. Daga murhu uwar ta zaro shi, nata ya ƙare, don jinya ta hana ta zuwa daji."

Ya ce, "Ka je gidan ne?"

Na ce, "A'a. Yayanta ya ce ƙyanda, sauran a jikin itacen na gani."

Ya ce in kai shi. Muka hau tudun da tsakar rana, ina addu'a a zuci kada karatuna na farko ya zama kuskure. Muka tarar da yarinyar a kwance da ƙuraje, bayan ɗaki babu ko tsinke, tukunya a kan murhu ana hura mata totuwar masara. Malam Haruna ya gaishe da Mama Saraya, ya yi mata sannu, ya zaɓi wasu gidaje biyu da kansa daga cikin takwas ɗin. A ɗaya yaron ya sare ƙafa da fartanya, a ɗayan an tafi da yarinyar biso ƙauyen kakarta. Da na nuna masa hanyar gida na huɗu ya ce ya isa, gwiwarsa ba ta gwamnati ba ce.

Da muka dawo ya nemi littafin baƙi, wanda ke nan tun zamanin Fada, ya yi rubutu layi uku. Na karanta bayan ya tafi. Yara talatin da huɗu. Itace arba'in da uku, ɗaya na tsoho ne. Hedimasta yana hura wuta a watan Maris. Abin da ya kai wa ofis ban sani ba, bai gaya mini ba, ni kuma ban tambaya ba. Muka jira takardar haɗewa zango guda, muka jira shekara. Ba ta zo ba. Kafin ruwa ya sauka yaran sun haura hamsin.

Wannan shi ne aikin da kuke cewa alli ne da baki. Allin kowa zai iya riƙewa. Ni sai da na shekara shida da satifiket a akwati kafin na iya tsayuwa a bakin ƙofa, kuma har na bar aiki ban kai rabin Baba ba. Nakan ɗauki kara a kan ciwo, ashe ƙiwa ce, nakan je gida da fuskar jaje a ba ni kunu ana dariya. Amma zuwa gidan da ba komai ya fi rashin zuwa gidan da ake bukatarka, kuma takalmin mai ƙara tun a shekarar nan ya daina ƙara.

Baba bai daina aiko da itacensa ba. Shekarun farko da kansa yake kawowa, ya ajiye ya gaishe ni ya koma. Da ƙafa ta gaza sai jikarsa, wadda ke aji uku a lokacin, ta riƙa zuwa da biyu, nata da nasa. Nasa kullum kirya ce, busasshiya, sararriya daidai, don shi yake zama ya sare ta da kansa da yamma. Ban taɓa sa ta a wuta da wuri ba, ita nake sawa a ƙarshe, don ta fi daɗewa tana ci.

Wata Litinin, shekara biyar bayan zuwan sufeto, yarinyar ta ajiye itace biyu, na biyun ɗanyen reshen mangwaro ne. Ana tashi na hau tudu. Na same shi a kwance, ya gane ni, ya tambaye ni yara nawa yau. Na gaya masa. Ya ce itace fa. Na gaya masa wannan ma. Talata da Laraba ɗanyen reshe ta ci gaba da kawowa.

Ranar Alhamis ta zo da ɗaya kawai. Ta ajiye a gefen dama, ta tsaya ba ta shige ba. Ban tambaye ta komai ba. Na shiga na kunna wutar, don iyaye suna kallo daga tudu, na jira hayaƙin ya fita. Sannan na miƙa wa Malama Rifkatu rajista, na kama hannun yarinyar muka hau.